Akwatin Goran Ruwa

Ranar kasuwar da ta wuce wasu samari uku suka shigo shagona, ɗaya riƙe da waya. Ya nuna mini wani Bature a cikinta yana haɗa kwamfuta cikin minti goma, ana ta kiɗa a bayansa. Ya ce, "Baba Lawali, ashe abin da kake ɓoye mana ke nan? Bis takwas ne da turnabis ɗaya." Na ce gaskiyarsa, bis takwas ne, wato ƙusoshin nan da ake murɗawa, turnabis kuma abin murɗa su. Na jawo akwatunan kwamfuta biyu daga ƙarƙashin tebur, babu komai cikinsu, na ce su zaɓi wanda za su zuba kayan a ciki. Su ukun suka ɗora hannu kan mai gilashi, mai fitilu ja da shuɗi. Ɗayan ko kallo bai ishe su ba. Na ce su sami wuri su zauna. Abin da na gaya musu shi nake rubutawa nan, don na gaji da maimaita shi ga duk wanda ya sayi waya ya ɗauka ya zama injiniya.

Ni da rediyo na fara, a Damagaram, wajen Malam Mamman Sani, Allah ya ji ƙansa. Wata biyar na yi a shagonsa bai bar ni na taɓa cikin rediyo ba. Aikina buɗe murfi da rufe murfi, da ware bis cikin gwangwanayen tumatir, dogaye daban, gajeru daban, masu tsini daban. Rediyon farko da na ɓata na wani mahauci ne. Gyara ya yi kyau, Malam ya miƙo mini in rufe, ni kuwa don nuna ƙarfi na murɗa bis ɗin baya har ramin ya cinye, yana juyawa ba ya kamawa. Malam bai daka mini tsawa ba. Sa ni ya yi na ɗauki rediyon na kai wa mahaucin, na gaya masa da bakina abin da na yi, a gaban masu sayen nama. Da na dawo ya ce, "Mai kaya bai san abin da muka yi a ciki ba. Murfi yake gani, kuma murfin ne zai tsare aikinmu bayan mun manta da shi." Shekara shida na yi a hannunsa. Ranar da ya sallame ni ya ba ni turnabis mai ƙotar katako, da wani maganaɗisu da ya ɓallo daga bayan matacciyar lasifika, don tsintar bis in ya faɗa cikin yashi. Maganaɗisun nan har yau yana aljihuna na dama, ya huda mini riguna ba adadi.

Kwamfutar farko da na buɗe ta wani furoje ce, irin ofisoshin ayyukan raya karkara, da ya tashi ya bar kayansa. Lokacin na dawo Matameye na kama shago kusa da tasha, rediyo kuma ya yi arha har mutum ya gwammace ya yar da tsoho ya sayi sabo. Sati biyu na yi ina kwance ta ina mayarwa. Cikinta ba wani abin tsoro ba ne: faranti ɗaya babba da komai ke hawa kansa, masu lakkol, wato ƴan boko, suna ce masa kartmer, sai akwatin wuta, sai diski, sai fanka. Da hannuna ya faɗa, na sa aka rubuta mini allo shuɗi da farin fenti, gyaran rediyo da haɗa ordinatar, wato kwamfuta, na hau tsani na kafa shi a saman ƙofa da kaina.

Masu zuwa wajena ba masu sayen sabuwa a kwali ba ne. Masu shagon buga takardu ne, da masu ɗaukar hoto, da masu tura wa mutane karatu da waƙa a waya. Kayan okaziyo, wato na hannu, nake tsinto musu ɗaya-ɗaya in haɗa daidai aljihunsu. Kowa ya zo tambayarsa ɗaya, tana da sauri? Ban taɓa ganin wanda ya tambayi akwati ba sai dai ya ce a samo masa mai kyau. In kuɗi suka gaza kuwa, daga akwati ake fara ragewa. Ni ma haka nake yi, sai da wata shekara ta zo ta koya mini hankali.

Aikin Mushe Abdu ne ya kayar da ni. Tsohon malamin lakkol ne, su ne muke ce wa Mushe a nan, da ya yi ritaya ya buɗe ɗakin koya wa matasa buga rubutu, ya ba ni haɗin kwamfuta shida. Ban taɓa samun aiki mai girman wannan ba. A daidai lokacin wani ɗan kasuwa ya shigo da akwatuna a kwali, farare tas suna sheƙi, an rubuta alminiyum a jikin kwalin, gaba gilashi, ciki fitilu, ga arha kamar kyauta. Alminiyum shi ne ƙarfen da iyayenmu ke kira goran ruwa, wanda ake yin tukwane da ludayi da shi, kuma kowane mai gyara ya san maganaɗisu ba ya kama shi. Maganaɗisu yana aljihuna ranar. Ban fito da shi ba. Ban manta ba ne, tsoron abin da zai gaya mini nake yi, don na riga na ga yadda fitilun nan shida za su haska ɗakin Mushe.

Sun kuwa haska. Wata uku mutane na leƙe ta taga. Sai bazara ta shigo, ɗakin rufin kwano ne, ga matasa goma sha a ciki. Ta farko ta fara mutuwa da azahar, a kunna ta tashi, ta sake mutuwa. Ta biyu ta yi ƙauri. Da na buɗe na ga abin da ya kamata in gani tun a kasuwa: gaban a toshe yake ruf da gilashi, iska ba ta da ta inda za ta shiga, fanka ɗaya ce ƴar mitsitsiya a baya tana ta juya zafi. Jikin kuma baƙin ƙarfe ne siriri kamar gwangwanin madara, an shafe shi da farin fenti. Na cire murafen, na kawo fankar tsaye, na yi duk abin da na sani. Huɗu sun ƙone kafin damina, biyun da suka rage tsatsa ta ci ramukan bis ɗinsu da ruwa ya sauka. Mushe Abdu ya rufe ɗakinsa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ranar kasuwa ya ɗauko amalanken jaki, ya jera su shida a ƙofar shagona, a ƙarƙashin allon nan, ya ce, "Malam Lawali, ga kayanka," ya juya.

Duk wanda ya sauka a tasha ranar ya gani. Kafin la'asar an raɗa mini suna, Lawali mai tanderu. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun ranar mahauci. Kusan shekara guda ba wanda ya kawo mini kwamfuta, ko gyara. Tocila na koma gyarawa, da cajar waya, da fankar da aka ce a jarraba ko za ta tashi. Wani abokina mai sayar da rake ya ce in goge rabin allon in huta. Na ce ba zan goge ba.

Hajiya Fanna ce ta zo, farkon bazarar da ta biyo. Tana da shagon buga takardu da fotokofi daura da tasha, ita da kanta take bugawa, da tabarau a kan hanci, don ta yi aikin sakatariya shekaru kafin ta buɗe nata. Mutanen Kurni da Tsauni in sun shigo gari da takardun dosiye, na neman aiki ko makaranta, wajenta suke fara sauka. Kwamfutarta ta mutu, abin da ke hannunta kuma ba zai sayi sabuwa ba. Ba ta ɓoye mini ba.

Ta ce, "Malam Lawali, ba don na yarda da kai na zo ba. Na Damagaram sun fi ƙarfina ne."

Na ce, "Na gode da gaskiya, Hajiya."

"Shagona kwano ne, ya fi na Mushe zafi. In ka gasa mini ita, ni ba ni da amalanke. Baki gare ni."

Na fita da ita waje na nuna mata allon. Na ce, "In ta mutu kafin ruwan farko, ni da kaina zan hau tsani in sauke wannan, ranar kasuwa, kowa na gani. Ba zan ƙara taɓa kwamfuta a garin nan ba."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Na ji, kuma Allah ya ji."

Kayan ciki ba su ba ni wahala ba, kwana huɗu na haɗa su. Akwati ne aikin. Na hau motar safe zuwa Damagaram da abu uku a jaka: maganaɗisu, turnabis, da kwalin da na yanka daidai girman kartmer ɗin, na huda shi a duk inda bis zai shiga. Ku da kuke cewa bis takwas ne, ga abin da ake yi kafin a kai ga bis ɗin. Maganaɗisu ba a gaba ake sa shi ba, don da yawa fuskar kawai ake lulluɓewa da goran ruwa. A murfin gefe ake sawa, sannan a buɗe a sa a ƙashin ciki. Sai ka danna tsakiyar murfin da babban yatsa. In ya loɓa ya dawo da ƙara, bar shi, zai yi ta kaɗawa in fanka ta tashi, wata rana ya taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba. Sai ka shimfiɗa kwalinka a ciki ka ga ko ramuka sun hau kan ramuka. Sai ka sa bis a kowane rami ka murɗa a hankali, don goran ruwa taushi gare shi, in mai nauyin hannu irina na da ya riga ka, ramin ya cinye. Na ƙarshe, ka ɗaga akwatin sama ka kalli rana ta cikinsa. In haske bai ratsa daga gaba zuwa baya ba, iska ma ba za ta ratsa ba.

Kada wani ya ruɗe ku cewa goran ruwa shi kaɗai yana sanyaya kwamfuta. Iska ce ke sanyayawa. Abin da na sani game da shi, ba ya tsatsa, ba ya riƙe zafi ya daɗe, ba shi da nauyi, kuma maƙeri yana iya sarrafa shi. Wannan na ƙarshen ban ɗauke shi da muhimmanci ba ranar.

Shago tara na shiga. Na goran ruwa na gaske sababbi, kuɗin akwati kaɗai ya cinye duk abin da Hajiya ta ba ni. Masu arha kuwa, ina kai maganaɗisu sai ka ji ƙwas, ya manne. Wani mai shago ya ce in fita, ina kore masa masu saye. Da azahar ta yi na kai wajen Alhaji Bukar, mai tara kayan ofis na okaziyo a wani dogon sito. Na ce ya bar ni in shiga baya. Can ƙarƙashin matattun injunan buga takarda na hango wani akwati toka-toka. Na jawo shi. Gefen hagu ya lotsa kamar an taka shi, jikin duk ƙarzuna da ragowar takardun da aka manna, ciki kuma zanzaro ya yi gini har hawa biyu. Na sa maganaɗisu, ya zame ya faɗi ƙasa. Na sa a ciki, ya sake faɗuwa. Na danna da yatsa, ko motsi. Kwali ya zauna daram. Na ɗaga shi a bakin ƙofa, rana ta shigo ta gaba ta fita ta baya.

Alhaji Bukar ya ce, "Malam, wannan masu narka tukwane na ajiye wa. Gobe za su zo."

Na ce, "Alhaji, sayar mini yadda za ka sayar musu."

Ya yi dariya ya ce, "Daga Matameye ka zo ka sayi tukunya?" Ya sa aka ɗora shi a sikeli, na biya kuɗin nauyinsa, na rungumo abina har tasha.

Na wanke shi, na kankare ginin zanzaro, na sa fanka biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Na yanko gidan sauro na shimfiɗa a bayan fuskar don tsaka da ƙwari. Wayoyin na ɗaure su gefe guda, hanyar iska ta zama fili. Ban taɓa yin aiki mai tsabtar wannan ba. Da na kai, Hajiya ta zagaya shi sau biyu.

Ta ce, "Wannan a wace bola ka tsinto shi?"

Na ce, "Hajiya, kyau ne ya kashe na Mushe. Ni yanzu ba ruwana da kyau. Kada dai a jingina shi da bango."

Ta juya ta koma kan kujerarta. Ni kuwa na fito ina jin na faɗi magana.

Sati biyu lafiya lau. A na uku ta kira ni da azahar, kwamfuta ta mutu tana tsakiyar buga wa wani mutumin Tsauni takarda. Na ajiye abin da ke hannuna. Na ruga, na yi sallama a ƙofa, ta ce in dakata, na dakata kamar yadda ake yi, sannan ta ce in shigo. Akwatin da ɗumi, amma na kunna ta tashi. Na zauna awa biyu ina kallonta, ba ta ko yi tari ba. Bayan kwana biyu aka sake kirana. Haka dai. Na canja akwatin wuta. Na auna kuran ɗin shagon, wato wutar lantarki, lafiyarsa lau. Na ɗauke ta na kai shagona, na kunna ta kwana uku tun safe har magariba a ƙarƙashin nawa kwanon, ina ba ta aiki mai nauyi, ba ta mutu ba. Na mayar, washegari ta mutu. Sau biyar ana wannan.

Magana ta fita. Na wuce majalisar masu kabu-kabu na ji wani yana cewa tanderu ya sake kamawa. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce ko in nemi taimako, wataƙila hannu aka sa mini. Na ce masa na gode, amma abin da ke mutuwa da azahar kaɗai, zafi ne. Hajiya kuwa ta daina ce mini sannu da zuwa. Ta ce, "Malam Lawali, ban ce ta mutu ba tukuna, amma suma biyar ai ya kusa." Na ce ta ba ni sati ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk lokacin da nake wurin ba ta mutuwa. To, me ke canjawa in na zo? Na rasa. Sai na ce bari in zo ba a kira ni ba. Ranar kasuwa, rana tsaka, na zauna a bencin abokina mai rake har wasu mutanen Kurni su biyar suka nufi shagon da takardunsu. Na bi bayansu, sallamarsu ta wadatar da tawa, na shige.

Na duba kan tebur ban ga akwatina ba. Abin da na gani wani tudu ne lulluɓe da ƙyallen karan-miski kore, mai kauri, mai geza ta zinariya, ya sauko har kan tebur ta kowane gefe. A samansa an ɗora kwanon furannin roba. Na cusa hannu ƙarƙashin ƙyallen, zafin kamar na taɓa murfin tukunya. Ina jin fankokina uku a ciki suna ta haƙilo.

Na ce, "Hajiya! Tun yaushe?"

Ta cire tabarau. Ta ce, "Tun ranar da wata ta shigo ta tambaye ni ko kasuwa ce ta karye na koma kayan bola."

"To, me ya sa in na zo ba na ganinsa?"

"Ka taɓa ganin an kai wa likita majinyaci a ƙudundune? In ka yi sallama sai in yaye in ninke, don ka ji daɗin aiki."

"Ai na ce kada a toshe shi!"

"Cewa ka yi kada a jingina shi da bango. Dubi, na jingina?"

Ba ta jingina ba. Mutanen Kurni suna ta kallonmu. Na yaye ƙyallen, na nuna mata inda iska ke shiga da inda take fita, na kama hannun wani daga cikinsu na sa a bayan akwatin ya ji hucin. Ta gane nan take, ba mace ce mai taurin fahimta ba. Amma ta ce, "Malam, keken ɗinkina a rufe yake. Talabijin ɗina a rufe yake. Mu duk abin da muka sa wa kuɗi rufe shi muke yi, balle wanda yake ba ni kunya. Daga Makka na zo da ƙyallen nan, ban ga abin da ya fi cancanta da shi ba. Yau zan yaye. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ranar da shago ya cika, aka fara kallon wannan lotsattsen abu, hannuna zai kai."

Na so in yi faɗa. Na buɗe baki ke nan maganar Malam Mamman Sani ta dawo mini, murfi mai kaya yake gani. Na gwada akwatin nan da maganaɗisu, da yatsa, da kwali, da rana, ban gwada shi da idon matar da za ta zauna da shi kullum a gaban mutane ba. Wajen Mushe na zaɓi kyau na bar iska. Nan na zaɓi iska na bar kyau, kyan ya zagayo ya toshe mini iskar. Laifin nawa ne duka biyun.

Na kwance murfin hagu da fuskar gaba, na bar mata kwamfutar a buɗe da gidan sauro a kai, na nufi bayan kasuwa wajen Baba Illa. Shi ke narka goran ruwa yana zuba tukwane, yana kuma ƙera faranti da ludayi. Ya juya murfin a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya saurara.

Ya ce, "Wannan ƙarfe ne na kirki. Narkawa za a yi?"

Na ce, "A'a, Baba. So nake ya yi kyan da mace za ta ji kunyar rufe shi."

Ya dube ni ya ce, "Yau kuma na ji sabon aiki."

Kwana biyu muka yi. Ya ɗora murfin a kan kututture ya bi lotsawar ta ciki da gudumar katako, kaɗan-kaɗan, har ta miƙe. Muka goge ƙarzunan da yashi mai laushi, sannan toka da lemun tsami, sannan tsumma, har fuska ta fara fitowa a jiki. Sai ya ɗauko gawayi ya zana irin zanen da yake yi wa farantin amare, zobe cikin zobe da ganye a kewaye. Na ce kada ya sassaƙa zanen, ya huda shi. Ya tambayi girman ramin. Na ce wanda ƙwayar gero za ta wuce, ta dawa ta maƙale, don zanzaro kada ya sami ƙofa. Ya wasa bakin wata ƙusa, muka gwada da gero da dawa a kan wani guntu har muka dace. Shi yana bugawa, ni ina bin bayan kowane rami da magagari ina kashe kaifin. Daga baya na wanke murafen sau uku, don garin ƙarfe ko ƙwaya ɗaya ya faɗa kan kartmer, aiki ya ƙare. Da baƙin ƙarfe ne mai fenti, kowane rami da ya zama gidan tsatsa kafin kaka.

Da na ɗaura su, na murɗa bis ɗin da yatsa biyu. Hajiya ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ba ta yaba ba. Ta dai kawar da injin fotokofi gefe, ta turo akwatin gaban tebur, daidai inda mai shigowa zai fara gani.

Sauran sati shida ne mafi zafi a shekarar. Kullum bayan sallar azahar sai na bi ta ƙofar shagonta, ba na shiga, in dai na jiyo ƙarar bugun rubutu sai in wuce. Ran nan da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, masu rake suka hau tattara kaya. Ban tsaya rufe shago ba. Ruwan ya same ni a tsakiyar tasha, na isa wajenta jiƙe sharkaf. Tana zaune tana buga wa wata mata takarda, fankoki na juyawa a bayan zanen Baba Illa. Ta ƙarasa layin da take kai, sannan ta jawo aljihun tebur ta fito da ƙyallen a ninke.

Ta ce, "Ungo, tafi da shi. In yana nan wata rana zan manta."

Bakin nata da ta yi mini kashedi da shi, shi ya yi mini aiki. Ranar kasuwar da ta biyo ina cikin gyaran wata tocila na ga inuwa a ƙofa. Mushe Abdu ne, tsaye a ƙarƙashin allon, daidai inda ya jera mini kayan nan.

Ya ce, "Malam Lawali, waɗancan shida suna nan?"

Na ce, "Suna nan, Mushe. Ban taɓa ko bis ɗinsu ba."

Ya ce, "Ka duba abin da ya rage da rai a cikinsu. Gobe mu hau motar safe tare. Ka taho da maganaɗisun."

Da na kai nan, ɗaya daga cikin samarin nan uku ya ɗaga kai ya ga koren ƙyalle mai geza rataye a ƙusa bayan kujerata, ya leƙa waje ya dubi allon. Fentin ya koɗe, amma yana inda na kafa shi. Na zaro maganaɗisun daga aljihu na miƙa wa mai wayar, na ce ya ajiye Baturensa ya sake zaɓe.